Shekarar da Lawali Bai Zo Ba

Ku samarin da kuke zama a kan zobbana da yamma kuna danna waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar da mutumin nan na bayan makaranta ya zo tambayar kuɗin rijiya. Cewa ya yi, "Baba, duk wannan kuɗi a kan rami?" Ban amsa ba, don ina tsakiyar ciniki. Yanzu zan amsa a rubuce, tunda na lura abin da ke rubuce ne kawai kuke tsayawa ku duba. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ku yi haƙuri da abin da kuka samu.

Sunana Ayuba. Sana'ata zuba zoben rijiya, wato kewayayyen simintin nan da ake jerawa a cikin rijiya, ɗaya kan ɗaya, don kada bango ya rufta. Na zo Kaduna daga ƙauyenmu na kudancin jiha ina saurayi, na yi leburanci a wata masaƙa a Kakuri har ta rufe. Aka sallame mu da atamfa da alkawari. Atamfar ta tsufa ta yage, alkawarin yana nan da ƙarfinsa.

Daga nan na faɗa hannun wani dattijo a unguwar Television, Baba Danladi, mai buga bulo da zobe. Shi ya nuna mini mol, ƙarfen nan guda biyu, na ciki da na waje, da ake zuba kwaɓi a tsakaninsu. Sai ka shafa musu baƙin mai tukuna, in ba haka ba siminti ya kama su. Ka kwaɓa siminti da yashin kogi da tsakuwa, ka sa rodi siriri a kewaye, ka zuba kaɗan-kaɗan kana zungura da sanda don iska ta fita. Zoben farko da na zuba ni kaɗai, na cire masa mol da wuri don in samu in zuba na biyu. Ina juya baya ya zauna kamar tuwon da ruwa ya yi wa yawa. Baba Danladi bai yi faɗa ba. Rariya ya miƙo mini ya ce in tace masa tsakuwarsa, don ita ma saye ya yi. Na wuni ina tacewa. A wurinsa na koyi cewa zobe ya fi buƙatar ruwa bayan an zuba shi. Safe da yamma za ka yi ta jiƙa shi har ya yi ƙwari. Mai zobe da ba shi da ruwa kusa, aikin banza yake yi.

Da na samu 'yancina sai na kafa rumfa a nan Kamazou, lokacin gidaje ba su fi gonaki yawa ba. Famfo bai zo ba, kuma duk wanda ya sayi fili sai ya haƙa rijiya kafin ya sa tubalin farko. Sai na fara karɓar aikin gaba ɗaya, haƙa da zobe da murfi. Mai gida ni ya sani, ni yake biya. Amma ni ba na haƙa. Haƙa aikin 'yan ci-rani ne, mutanen Nijar, waɗanda suke zuwa bayan sun gama girbin gero, su koma da ruwan farko.

Nawa shi ne Lawali, daga wani ƙauye bayan Maraɗi. Bagobiri ne, da zanensa a fuska, amma a Kamazou duk wanda ya fito daga Nijar Buzu ne, haka suke kiransa, shi kuma ya gaji da gyarawa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai yawan mita. Abincin da aka ba shi bai taɓa isa ba, kunun da aka dama bai taɓa yin kauri ba. A Makera yake kwana tare da 'yan garinsu, ɗaki ɗaya mutum da yawa, da safe ya shigo mota ya zo. Ko a shekarun da gari ya yi zafi, kowa ya koma gefen kogin da ya fi masa kwanciyar hankali, Lawali bai fasa zuwa ba. In azahar ta yi ya fito daga rami, ya yi alwala a bayan rumfata, ya yi sallarsa a kan buhun siminti, ya koma.

Kayan aikinsa ba su da yawa: diga mai gajeren ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a ƙasa, da dagi na fasa marmara, da ƙaramin shebur, da guga na ƙarfe, da igiya mai kauri, sai wata sanda da yake auna faɗin rijiya da ita. In zai tafi gida, a rumfata yake barin su, ya ɗaure su wuri ɗaya ya rataye. Duk damina suna nan a saman kaina. Shi yana ƙasa, ni da lebura muna sama muna jan guga. Kowace safiya kafin ya fara, sai ya ce in gitta itace a bakin rijiyar, in saki wani dutse da ya ɗaure a zare daga tsakiyar itacen. In saki, ya yi shiru can ƙasa, sannan ya ce, "Ja abinka." Shekara ashirin ina sakin dutsen nan. A zatona zurfi yake aunawa.

Rijiyar wani tsohon soja da muka haƙa kusa da layin dogo ita ce za ta nuna muku halinsa. Mun fara ta ana gama kaka. Ba a yi nisa ba ruwa ya ɓullo, garau, sanyi. Sojan ya yi murna, ya aika aka sayo mana lemo. Ya leƙa ya ce, "Buzu, fito haka nan, an gama."

Lawali ya amsa daga ƙasa da Hausarsu ta can, "Wanga ruwa baƙo na. Damina ta bar shi ajiya, bazara na zuwa ɗaukar abinta."

"Me yake cewa?" in ji sojan.

Na ce, "Oga, cewa ya yi a ƙara kwana."

"Wato a ƙara kuɗi."

Muka yi ta kwashe ruwan da guga yana haƙa a cikin taɓo, har ya wuce wani yumɓu mai danƙo, ya kai ga ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli. Nan ya yarda aka jera zobba. Da aka zo sa murfi, ya ce a ɗora kawai, kada a liƙe da siminti. Al'adarsa ke nan a kowace rijiya. In bazara ta yi tsanani, gab da zai koma gida, sai ya bi rijiyoyin shekarar ɗaya bayan ɗaya, a ɗage murfi, ya sauka ya duba. Wadda ruwanta ya ja baya ya bi shi, ya ƙara mata zurfi. Shi ne yake kira bin ruwa. Sai bayan nan ya ce a liƙe. Masu gida sun tsani wannan al'ada. Ni ma na tsane ta, don ina ganin dabara ce ta samun na guzuri.

Na taɓa tambayarsa sau ɗaya yadda yake gane ruwan baƙo da na gida. Ya dube ni ya ce, "Maigida, in na gaya maka, baɗi mi zan zo yi?" Muka yi dariya, ban sake tambaya ba. Gaskiyar magana ba na buƙatar sani. Lawali yana da araha. Mutumin da yake kwana a ɗakin mutum goma, ya ci garin kwaki da ƙuli, abin da zai karɓa ya yi godiya ɗan unguwa ba zai karɓa ba. Kuma ɗan unguwa ba ya ma shiga. Na taɓa ɗaukar wani ƙato daga nan layin, ya sauka gaba biyu, ya ce yana jin fitsari, a ja shi. Har yau fitsarin yake yi. Saboda haka duk faɗin Kamazou masu zuba zobe muna da yawa, amma babu ɗayanmu da ya san cikin rijiya. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ni na zauna shekara ashirin, kaina bai ɗauki ko ƙura ba, don a sama nake tsaye.

Duk da haka, in mun haɗu mu masu kwangilar rijiya, hirarmu ita ce baƙi sun ɓata sana'a, suna kwashe kuɗin ƙasa suna kaiwa waje. Ni ma ina cikin masu faɗa, da ƙarfi ma. Ba mu lissafa da cewa rabin abin da suke samu a nan suke barinsa. Maman Talatu mai kunu da ƙosai a bakin rumfata da su take rayuwa. In za su tafi, su ne masu sayen bokitai da tabarmi da atamfa da fitilar sola, har masu shago su san damina ta kusa ko ba su dubi sama ba.

Shekarar da aka rufe boda, a rediyo muka ji. Dalilin na manya ne. Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu a can, kayan Lawali suna rataye a nan. Wasu 'yan garinsu sun ratso ta daji sun iso, suka ce hanya ta lalace: kowane shinge a sauke mutum a tambaye shi takarda, mai takarda ya biya, marar takarda ya biya ya kuma koma. Ga shi naira ta faɗi a gaban sefa, kuɗinsu na can. Rannan Lawali ya kira ni a waya.

"Maigida, bana ba ni zuwa."

"Saboda boda?"

"Boda ai ana zagaye ta. Kuɗinku na. In yi wata shida cikin rami, in kai gida a canza mini, bai sayi buhun gero biyu ba. Ka shafa wa digata mai."

Na koma gida na ce wa matata bana kuɗin haƙa ma namu ne. Ta ce, "Wa zai haƙa?" Na ce mata abin da nake kallo shekara ashirin ba zai gagare ni ba. Ta ci gaba da tsince wake.

A wannan lokacin ne Malama Rifkatu ta zo. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, gidanta yana nan bayan rumfata. An biya ta kuɗin sallama bayan jira mai tsawo, ta zuba su duka a kiwon kajin ƙwai. Ta gina ɗakuna biyu dogaye, ta yi odar 'yan tsaki, saura ruwa. Kajin gidan gona ba sa wasa da ruwa. In suka yi ƙishi rabin yini, su daina ƙwai. In aka yi zafi, su mutu.

Ta dubi kayan da ke rataye ta ce, "Baba Ayuba, ina Buzun naka?"

"Yana can, Malama. Bana ni zan shiga da kaina."

"Ka taɓa shiga?"

"Malama, rijiyar da na sa wa zobe a garin nan ba ta ƙirguwa."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

Na ce mata ta bar komai a hannuna. Ta kalle ni irin kallon da take yi wa yaron da ya ce kare ne ya cinye littafinsa. Amma babu wani mai haƙar a unguwa, kuma kuɗin bohol ya fi ƙarfinta. Ta yarda.

Na kira Bitrus, ɗan yayata, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya sayar da babur ɗinsa na haya yana zaune. Shi da lebura ɗaya a sama, ni a ƙasa, da digar Lawali. Ga abin da ba a gani daga sama. Gaba biyu na farko kamar noma ne. Daga nan iska ta ƙare. Zufa tana shiga ido, ba wurin miƙe hannu, in ka ɗaga diga gwiwar hannunka ta daki bango. In guga ya tashi cike, kai kana ƙarƙashinsa, ka manne da bango kana tuna duk ranar da ka ja igiya kana hira da mai wucewa. In ka ɗaga kai, sama ta zama kamar faifai, da kan Bitrus a gefenta yana tambaya, "Kawu, kana nan?" Kowace safiya nakan sa shi ya saki dutsen zare, kamar yadda na saba. In ya taɓa ƙasa in ce ya ja, mu auna zaren da gaba, mu yi murna.

Ruwa ya zo da wuri, garau, sanyi. Na tuna maganar ruwan baƙo. Amma bayana ya riga ya ƙage, tafin hannuna ya fashe, kuma na ce a raina ai gidan Malama a gangare yake, ruwansa kusa ne. Na ƙara kamu ɗaya don in ce na ƙara, na fito. Muka jera zobba. Wajen tsakiya suka ƙi zama daidai, muka danna da ƙarfi, na cike giɓin da kwaɓi. Na ɗora murfi na liƙe shi da siminti, na shafe sumul, na rubuta sunana da ƙusa tun bai bushe ba. Aka sa injin jan ruwa. 'Yan tsaki suka iso.

Har bayan Kirsimeti komai lafiya. Kaji suka girma, suka fara ƙwai, Malama ta aiko mini da kiret guda. Da zafi ya fara shigowa, injin ya soma tari. Yau ya ba da ruwa rabin tanki, gobe ya ba da laka. Kafin Ista rijiya ta ƙafe ƙaf. Malama ta koma sayen ruwa, sai ga wata matsala da ba wanda ya hango: 'yan ga-ruwa masu tura kura, su ma yawancinsu mutanen Nijar ne, su ma ba su zo ba. 'Yan kaɗan da suka rage suna zaɓen gidan da za su je, kuɗin jarka ya ninka. Ɗakin kaji biyu ba abin da jarka za ta riƙe ba ne.

Wata safiya ina jiƙa zobba ta shigo rumfa da roba a ka. Ta sauke, ta ɗauko matacciyar kaza ta ɗora a kan mol ɗina, ta gyara mata zama.

"Baba Ayuba, ina kwana. Na kawo maka naka kason."

"Malama, yau ɗin nan zan zo."

"Ka zo da guduma. Ka liƙe ta da kyau, na gani. Har da suna."

Muka fasa murfin tana tsaye. Aka sauke ni da igiya. Ƙasan rijiyar busasshen taɓo ne, ya tsattsage. Na san abin da Lawali yake yi a bin ruwa, ko in ce na san yadda ƙararsa take daga sama: yana haƙa ƙarƙashin zoben ƙasa, zobba su sauka a hankali su bi shi. Na fara haƙa ta gefe ɗaya. Bitrus ne ya ce, "Kawu, bari in kira Lawali." Na ce ba sai an kira ba. Ya kira.

Waya ba ta kamawa a cikin rijiya, saboda haka Bitrus ya kwanta rub da ciki a baki, waya a hannu, yana miƙo magana.

"Kawu, ya ce wace irin ƙasa ce?"

"Ce masa ja ce, da yashi-yashi."

"Ya ce ka wuce yumɓu?"

"Ce masa ban kai ba."

Na ji muryar Lawali siririya tana faɗa, ban ji kalmomin ba. Bitrus ya ce, "Wannan ba zan maimaita ba, Kawu. Ya ce a saki dutsen zare." Aka gitta itace, aka saki. "Ya ce dutsen a tsakiya yake?"

Na duba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na dubi inda dutsen yake tsayawa. Yana jingine da zobe, har zaren ya lanƙwasa a wajen tsakiya. Ashe shekara ashirin miƙewar rijiya yake dubawa. Tawa ta karkace kamar ƙahon sa, zobba suna zaune ne a kan kwaɓin da na cusa.

"Ce masa yana taɓa bango."

Aka kai masa saƙon. Sannan Bitrus ya ce, "Ya ce ka fara haƙa ƙarƙashin zobe?"

"Gefe ɗaya."

"Ya ce yashi yana zubo maka a wuya?"

Yana zuba. Na ɗauka zufa ce.

"Kawu, ya ce ka fito yanzu. Ka bar komai. Ka bar diga."

"Ce masa digarsa ce fa."

Bitrus ya faɗa masa. "Ya ce to ka ɗauko digar ka fito."

Suka ja ni, ni da diga. Muna zaune a gindin mangwaron Malama ina shan ruwan da ta saya da tsada, sai muka ji wata ƙara daga ƙasa kamar saniya ta yi tari. Ƙura ta fito ta bakin rijiyar. Da muka leƙa, zobban tsakiya sun zame sun haɗe, sun toshe ta. Malama ta leƙa ita ma, ta koma ta zauna. Ta ce, "Ka shanye ruwan, kofin nake jira."

Cikin makon ta kwashe kajin da suka rage ta kai wa masu gasa kaji a bakin titin Abuja, a Gonin Gora. Sun ga ido ya raina fata, suka saya yadda suke so. Kuɗin aikin koyarwa na shekara talatin da wani abu, can ya ƙare a kan wayar gashi da garwashi. Na je gidanta na ce zan haƙa mata wata, ba sai ta biya ba. Ta ce, "Kai da wa?" Na kama hanyar rumfata. Ba ni kaɗai ba ne a shekarar. Rijiyoyin da masu zobe irina suka haƙa da kansu, da yawa sun ƙafe, masu injin bohol suka ci kasuwa, wanda ba shi da kuɗinsu ya koma rafi. Maman Talatu ta daina dama kunu, ta koma ƙosai kawai. A taronmu na masu kwangila, ba wanda ya sake tada maganar baƙi.

Sai da aka yi damina biyu, bayan an buɗe boda, Lawali ya bayyana a rumfata shi kaɗai, ba tare da ayari ba. Ya yi ƙiba. Ya ce kayansa ya zo ɗauka. Yanzu a gida yake haƙa wa masu lambun albasa rijiyoyi, a biya shi da sefa, ya kwana a ɗakinsa. Ya sauke digar, ya duba bakinta, ya ce na dakusar da ita.

Na ce, "Lawali, rijiya ɗaya. Ta Malama."

"Ban zo da yaro ba."

"Ni ne yaron."

Ya dube ni daga furfura har ƙafa. "Ka cika guga, ba ka magana."

Muka fara sabuwa nesa da tsohuwar, Bitrus a kan igiya. Ya sa aka faɗaɗa ta don ta ɗauke mu mu biyu. Yana haƙa, ina tsugune ina cika guga. Na ga yadda yake juya sandarsa a kewayen zaren kowace safiya, inda ta taɓa bango ya sassaƙe. Na ga yana murza ƙasa a yatsa, wani lokaci ya kai ta baki. Da ruwan farko ya ɓullo, ya tsaya ya dube ni. Na ce, "Baƙo ne." Ya ce, "Shekara ashirin, kalma guda." Muka ci gaba. Muka huda yumɓu, muka kai ga dutsen nan mai ƙyalli, ruwa ya taso ta ƙasa yana motsa yashi. Zobba suka sauka ɗaya kan ɗaya ba gardama. Ya ce a ɗora murfi, kada a liƙe, zai zo bin ruwa in bazara ta yi.

Ya tafi da kayansa duka, ya kuma tafi da Bitrus, don ya ce yana neman mai jan igiya da ba ya hira. Tun daga nan Bitrus ɗan ci-rani ne. Yana yin Kirsimeti da iyalinsa ya kama hanya, da takardarsa a aljihu, ya dawo da ruwan farko. Yanzu yana sauka da kansa, ya iya zare, ya iya ƙasa. Ya ce a can duk wanda ya fito daga nan Oga suke ce masa, ko da guga yake ja. Shi ne mutum ɗaya a danginmu da ya san cikin rijiya, kuma watannin da yake gida su ne watannin da ba a haƙa.

Ni na koma zobe kawai. Wanda ya zo neman rijiya, in gaya masa kuɗin 'yan masu haƙar da suka rage, in ya ce rami ne kawai, in nuna masa inda ake sayar da diga. Kai ma da ka yi maganar, shagon yana nan a kasuwar Television.

Malama Rifkatu ba ta koma kiwon kaji ba. Ɗakunan nan biyu ta ba da haya ga wani mai ajiye katako. Sabuwar rijiyar ba ta ƙafe ba ko sau ɗaya, don haka ruwa take sayarwa, rabin layinmu a wurinta suke ɗiba. Ni ma haka, tunda zobe sai da ruwa. Kullum da safe nakan tura kura in je, tana zaune a kujerar roba, mu gaisa, ta ƙirga jarkokina kamar na kowa.

Murfin yana nan a ɗore kamar yadda Lawali ya bar shi. Bazara ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba, bai zo ba, kuma da yadda canji yake ban ga abin da zai kawo shi ba. Rannan ina da ragowar kwaɓi a kwano, na ce, "Malama, bari in shafe miki bakin murfin nan, ya daɗe a haka."

Ta dubi kwanon, ta dube ni.

"Bari sai mai rijiyar ya zo," in ji ta. "Jarka nawa yau?"